Audugar Mata: Mu Yi Mata Irin Lissafin Da Muke Yi Wa Waya

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen waya a Farm Centre ya san yadda muke tsananta bincike. Batirin zai kai yini? Hotuna nawa za ta ɗauka kafin ta cika? In sikirin ya fashe, ana samun irinsa a Kano? Sai mutum ya kwana uku yana kwatanta Tecno da Infinix kafin ya zare kuɗinsa. Haka muka yi wa tocila. A da, duk mako sai an sayo batir, ya mutu, a jefar a bayan gida. Da tocila mai caji ta shigo kasuwa, babu wanda ya tara mu ya yi mana lacca a kan muhalli. Lissafi kawai muka yi, muka ga wadda ake cajawa ta fi sauƙi a aljihu, muka koma mata.

To akwai kaya guda da kusan rabinmu ke saya duk wata, shekara da shekaru, amma ba ma yi masa wannan binciken. A ɓoye ake sayensa, a baƙar leda ake ƙunshe shi, a ɓoye ake jefar da shi. Ina nufin audugar mata. Ra'ayina a kai shi ne: a garuruwa irin Karaye da Rogo, abin da ya fi dacewa da yawancin mata shi ne audugar da ake wankewa a sake amfani da ita, wadda telar gari za ta iya ɗinkawa. Amma fa da sharuɗɗa, kuma zan faɗe su ba ɓoye-ɓoye.

Me ke cikin abin da muke kira auduga?

Sunan ma yaudararmu yake yi. Yawancin audugar da ke kan kantar shago ba ta haɗa hanya da audugar da ake nomawa a gonakinmu ko a ƙasar Funtuwa ba. In kika yage guda za ki tarar da hawa-hawa. Na sama, wanda ke taɓa jiki, zaren roba ne aka yi shi kamar yadi. Na tsakiya ɓargon itace ne da aka niƙa ya yi laushi, galibi haɗe da wani gari mai shan ruwa ya kumbura ya zama kamar kamu, irin wanda ke cikin famfas ɗin jarirai. Na ƙasa leda ce, don kada jini ya ratso. Sai gam ɗin da ke liƙe ta a kamfai, da takardar da ake ɓarewa, da ledar da aka naɗe kowace guda, da babbar ledar fakiti.

Wannan haɗin shi ya sa take aiki da kyau, gaskiya ce wannan. Shi ne kuma ya sa ba ta ruɓewa. Itacen da ke ciki zai iya narkewa, amma robar takan daɗe shekaru masu yawa a ƙasa, daga baya ta farfashe ta zama ɓurɓushi, ba ta koma ƙasa ba.

Ina take zuwa bayan an gama da ita?

A cikin birni aka fi ganin motocin kwasar shara na REMASAB. A Turawa ko Zarewa, hanya uku ce a gaban mace: ta jefa a masai, ta ƙona, ko ta binne ko ta cusa a juji.

In masai ne, ramin da ya kamata ya yi shekaru yana aiki sai ya cika da wuri, domin abin da aka zuba masa ba mai narkewa ba ne. A gidajen da ke da banɗakin zamani kuwa, garin nan mai kumbura shi ke toshe bututu, a kira mai gyara, a yi ta kallon-kallo a rasa wanda zai yi magana. In ƙonawa ce, abu mai danshi ba ya cin wuta sosai, sai a zuba kananzir, hayaƙin roba ya turnuƙe tsakar gida, wadda ta kunna ita ce ta fara shaƙa. In juji ne, to mu manoma ne, mun san inda juji yake ƙarewa. Kafin damina ana kwashe shi a amalanke ko a kan jaki a kai gona a matsayin taki. Ledar da muka jefar a watan sanyi, ita ce fartanya ke tonowa lokacin noman farko. Wadda iska ta kwasa, akuya ta haɗiye, kuma kowane mahauci zai ba ki labarin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin dabba. Wadda ruwa ya ja kuwa, ta bi kwata ta faɗa rafi. Mu da muke zaune kusa da Dam ɗin Challawa, wanda aka gina a farkon shekarun 1990, masunta na cin abinci a cikinsa, masu noman rani na ban ruwa da shi, bai kamata sai wani ya zo daga waje ya gaya mana illar wannan ba.

Akwai kuma abin da mu mata muka sani, maza ba su sani ba. Da yawa daga cikinmu ba ma jefar da audugar da jininta. Sai mun wanke ta tas, mun matse, mun ƙunshe, saboda tsafta, saboda kunya, wasu kuma saboda tsoron kada wani mugu ya tsinta ya yi asiri da ita. Ki tsaya ki duba wannan da kyau. Wankin da ake cewa shi ne wahalar audugar da ake maimaitawa, ai muna yinsa tuni. Bambancin kawai, bayan mun sha wahalar wankin sai mu jefar da abin, wata mai zuwa mu sake biyan kuɗi.

Buɗe kalkuletar wayarki

Ba zan kawo farashi ba, domin kafin ki gama karantawa ya canza. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kowa ya ga yadda kuɗin fakiti ya yi ta hawa. Dokar Kuɗi da aka sa wa hannu a farkon 2020 ta cire harajin VAT a kan audugar matan da aka yi a cikin gida, amma kayan haɗa ta da yawa daga waje ake shigo da su da dala, don haka sauƙin bai iso shagon unguwa yadda aka yi fata ba.

Ki yi lissafin da kanki. A ce kina kwana 5, kina canzawa sau 4 a rana, guda 20 ke nan. Mai zagayen kwana 28 tana yin al'ada sau 13 a shekara, guda 260 ke nan. A shekara 35, guda 9,100 daga mace ɗaya. Makarantar da ke da 'yan mata 500 da suka fara al'ada, a wannan lissafin za ta fitar da guda 130,000 a shekara. Yanzu ki tambayi kuɗin fakiti a shagon unguwarku, ki ga fakiti nawa kike buƙata a wata, ki ninka sau 13. Ki ajiye wannan adadin kusa da kuɗin ɗinka guda 6 ko 8 masu wankuwa, waɗanda in an kula da su za su yi shekara ko fiye. Ki haɗa da kuɗin sabulu da ruwa, kada ki yi wa kanki ƙarya. Har yanzu za ki ga tazarar.

Akwai kuma asarar da kalkuleta ba ta nunawa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, yarinya takan bar guda ɗaya a jikinta tun safe har dare don fakitin ya kai ta, alhali ana so a canza duk bayan awa 4 zuwa 6. Wata ta koma ga tsumman da ta samu, wata takardar tishu, wata ta ƙi zuwa makaranta har sai ta yi wanka. Wannan ne ainihin abin da ke kan faifai, ba ledar kawai ba.

Zaɓi huɗu, da yadda kowanne ya dace da mu

Na farko, auduga mai wankuwa. Siffarta irin ta shago ce, da fukafukai biyu masu maɓalli da ake ɗamewa a ƙasan kamfai. Sama yadin auduga ne mai laushi, tsakiya hawa biyu ko uku na yadi mai shan ruwa irin na tawul, ƙasa kuma yadi mai siririn shafin roba wanda ruwa ba ya ratsawa. Ba sabon gwaji ba ne. Kamfanin AFRIpads a Yuganda ya fi shekara goma yana yin irinta, ana raba ta a makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira a ƙasashen Afirka da dama. Ranar da na nuna wa gwaggona guda ɗaya, juya ta ta yi a hannu, ta yi dariya ta ce, "Yo 'yar nan, ai ƙunzugu ne kuka sa wa maɓalli." Na ce, "Haka ne Gwaggo, sai dai wannan ba ya zamewa, ba ya ratsowa." Ta ce, "To da tsohuwar zuma ake magani." Tana da gaskiya. Fasahar ba ta ƙirƙiro sabon abu ba, gyara na iyayenmu ta yi.

Na biyu, kofin al'ada. Ɗan ƙaramin kofi ne na silikon mai laushi, ana naɗe shi a sa a ciki, yana tara jinin maimakon ya shanye shi. Ana zubarwa a ɗauraye a mayar, a kuma tafasa shi na 'yan mintoci a ƙarshen kowace al'ada. Guda ɗaya zai iya kai shekara 10. A 2019 mujallar lafiya ta Lancet Public Health ta tattara bincike 43 da suka shafi mata fiye da 3,000, ta nuna cewa kofin ba shi da haɗari fiye da sauran hanyoyin, yoyonsa bai fi nasu ba, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka saba da shi sun so su ci gaba. A takarda, shi ne zakara: ya fi kowanne ƙarancin shara, ya fi kowanne ƙarancin buƙatar ruwa. Amma ban sa shi a gaba ba. Kuɗinsa na farko yana da nauyi, sabo da shi yana ɗaukar wata biyu ko uku, yana buƙatar hannu mai tsafta da banɗaki mai ƙofa. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: a gidajenmu, uwa ƙalilan ce za ta yarda 'yarta budurwa ta yi amfani da abin da ake sawa a ciki, komai bayanin da za a yi mata. Ga matar aure da ta ga za ta iya, zaɓi ne mai kyau. Wadda take da robar tazarar haihuwa a mahaifa ta fara tuntuɓar ma'aikaciyar lafiya.

Na uku, kamfan al'ada, wanda aka ɗinka abin shan jinin a jikinsa. Yana da daɗin sawa, musamman da dare. Matsalarsa tsada, ga shi sai kin mallaki da yawa, ga daɗewa kafin ya bushe. A nan ne kuma ya kamata mu yi hattara da kalmar "mai kare muhalli" da ake mannawa a talla. Kamfanin Thinx na Amurka, wanda ya yi suna da irin wannan kamfai, ya amince ya biya har dala miliyan 5 don sasanta ƙarar da aka shigar a kan zargin samun sinadaran PFAS a kayansa, duk da bai amsa laifi ba. Koren fakiti ba shaida ba ne.

Na huɗu, audugar da ake jefarwa amma mai ruɓewa. A Indiya, kamfanin Saathi yana yin ta da zaren itacen ayaba. Masu kallon finafinan Indiya kuma za su tuna Pad Man na 2018, inda Akshay Kumar ya fito a labarin Arunachalam Muruganantham, mutumin da ya ƙera ƙaramin injin yin auduga mai araha don matan ƙauye. Tunani ne mai kyau, kuma ƙalubale ne ga ɗalibanmu na injiniya: mu da muke ƙona ɓawon masara da tuƙar rake, me zai hana a gwada su? Sai dai a yau ba a samun irinta a kasuwanninmu cikin sauƙi, kuma ko an samu, duk wata sai an saya.

Inda masu suka suke da gaskiya

Babbar sukar da ake yi wa auduga mai wankuwa ita ce cuta, kuma ba sukar banza ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2015 daga jihar Odisha ta Indiya ya gano cewa matan da ke maimaita ƙyalle sun fi masu audugar shago samun alamomin ciwon sanyi. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san dalili. Ana wanke ƙyallen cikin gaggawa da ɗan ruwa, a shanya shi a ƙarƙashin katifa ko a cikin akwati don kada a gani, a mayar da shi jiki da sauran danshi. Danshi da duhu kuwa su ne gidan ƙwayoyin cuta. Laifin ba na yadin ba ne, na kunyar da ta hana shi ganin rana ne.

Don haka ga sharuɗɗan. A jiƙa da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini ya zauna a yadi. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai. A shanya a rana har ya bushe ƙarau. In ana jin nauyin idon mutane, a lulluɓa masa siririn mayafi a kan igiya, iska da zafi za su ratsa. A watan Agusta, lokacin da rana ke wuya, a bi shi da dutsen guga, a kuma tanadi guda biyu na ƙari, ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye a jaka mai tsafta, ba a banɗaki ba. Ba a aro, ba a ba da aro, ko tsakanin ya da ƙanwa. In aka ga ƙaiƙayi ko wari ko ruwan da ba a saba gani ba, a je asibiti, kada a tsaya tambayar TikTok.

Suka ta biyu ita ce ruwa. Wannan ma gaskiya ce. Muna da Challawa, muna da Kusalla, amma gidaje da yawa har yanzu rijiya ce, ko tuƙa-tuƙa, ko jarkar mai kura. Wadda take sayen ruwa a watan Afrilu tana da hujjar yin tunani sau biyu. Shi ya sa ba na cewa kowa ta jefar da ta shago gaba ɗaya. Ranar tafiya, ranar jarrabawa, ranar da jini ya yi yawa, ko lokacin da ruwa ya yi wuya, a yi amfani da ita ba tare da jin an yi laifi ba. Wadda ta mayar da kwana uku cikin biyar zuwa mai wankuwa, ta rage fiye da rabin shararta da kuɗinta.

Game da tsarki kuwa, babu wani sabon abu. Duk wadda ta yi Islamiyya ta karanta babin haila a Ahalari da Risala, kuma hadisin Asma'u 'yar Abubakar ya koyar da yadda ake wanke jinin haila daga tufa har a yi salla da ita. Addini bai ɗauki maganar nan abin ɓoyewa ba. Mu ne muka ɗora mata kunyar da ta wuce kima.

Aikin wa ye?

Kowace ranar 28 ga Mayu, tun 2014, ana bikin ranar tsaftar al'ada ta duniya. Ƙungiyoyi su je makaranta, su raba fakiti ɗai-ɗai, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Allah ya saka musu, amma fakitin ya ƙare kafin Yuni ya fita. Da kuɗin nan aka ɗinka masu wankuwa, aka haɗa da bokiti da sabulu da awa ɗaya ta bayani, da yarinyar ta ci moriya har zagayowar shekara.

Kano tana cikin jihohin farko na shirin AGILE na Bankin Duniya don ilimin 'yan mata, kuma gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. To ga ma'auni mai sauƙi da za mu riƙa auna kowace makarantar 'yan mata da shi a Karaye da Rogo: akwai banɗaki mai ƙofa da sakata? Akwai ruwa a kusa da shi? In ta kwana ce, akwai killataccen wurin shanya da rana ke shiga? In babu waɗannan ukun, ko wace irin auduga aka raba, an yi aikin baban giwa.

Ga 'yan'uwana masu keken ɗinki, ga sana'a a ƙofar gida. Yadin yana Kantin Kwari, bidiyon koyon yankan yana YouTube kyauta, masu saya suna cikin zaurukan WhatsApp da kuke ciki, kuɗin kuma ya shigo ta Opay ba sai an haɗa ido ba. Wannan sirrin da waya ke bayarwa babban abu ne ga yarinyar da take jin nauyin tambayar saurayin da ke tsare shago. Sai dai a yi aikin da amana: a wanke sabon yadi kafin a yanka, a gwada shan ruwansa, kada a sa ledar shinkafa a ce ita ce mai hana ratsowa.

Wayar kuma za ta iya tuna miki lokacin da ya kamata kayanki su zama a wanke a shirye. Kalandar da ta zo da wayar ma ta isa. In za ki sauke manhajar lissafin al'ada, ki duba izinin da take nema. A 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta cim ma sasanci da manhajar Flo a kan zargin miƙa bayanan masu amfani da ita ga kamfanoni irin Facebook da Google. Sirrin jikinki ya fi lambar sirrin bankinki daraja.

Ku kuma samari da magidanta da kuka daure kuka karanto har nan, kuna da rawar takawa. Kai da kake tura wa ƙanwarka kuɗin data duk mako, ka taɓa tunanin ko akwai abin da ta fi buƙata amma ba za ta iya buɗe baki ta faɗa maka ba? Ba sai ka yi dogon zance ba. Ka ba Inna ko matarka kuɗin, ka ce na ɗinkin yara mata ne. In kuma ka shigo gida ka ga mayafi a lulluɓe a kan igiya, ka kau da kai ka wuce. Wannan kaɗai taimako ne.

Ke kuma, ba na ce ki yarda da ni ba. Ki ɗinka guda biyu, ki gwada su a gida a ranakun ƙarshe da jini ya yi sauƙi, kamar yadda kike gwada waya kafin ki bar shagon. In sun yi miki, ki ƙara. In ba su yi ba, kin san dalili, kuma kin fi wadda ba ta taɓa tambaya ba.